Baƙar fata sun cika finafinan Amurka: ci gaba ne ko kwalliya?

Sadiq_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata gardama ce ta haɗa ni da ƙanena jiya har muka raba dare, na ce bari in kawo ta nan a raba mu. Muna kallon wani fim ɗin Amurka ne, sai ya ce in duba da kyau: shugaban ƙasa a ciki baƙi, alƙaliya baƙa, babban likita baƙi, har shugaban 'yan sanda. Wai wannan kaɗai ya isa hujja cewa baƙar fatar Amurka sun wuce wurin, kukan wariya da suke yi yanzu shagwaɓa ce. Na ce masa fim daban, rayuwa daban. Da ya ce in kawo hujja sai na kama inda-inda. To masu zama can da masana, yawan fuskokinsu a fim yana nufin sun samu ci gaba a aljihu da mutunci, ko kwalliya ce kawai?

Dan_Bronx:
Wa alaikumus salam. Ka gaida ƙanen naka, ka ce in Allah ya kawo shi New York ni zan zagaya da shi kyauta. Shekarata 14 ina tuƙin tasi a garin nan. Ya shiga jirgin ƙasa daga Bronx ƙarfe biyar na asuba ya ga su wa ke ciki suna gyangyaɗi: masu sharar ofisoshi, masu gadi, masu jinyar tsofaffi a gidaje. Baƙaƙe ne da 'yan Latin Amurka da mu 'yan ci-rani. Sai tara ta yi masu ofisoshin ke isowa, kuma kalarsu daban. A fim ne baƙi ke da ofishin. Akwai masu shi a zahiri ma, ban ce babu ba, ina ɗaukarsu. Amma in fim za ka bi sai ka ɗauka rabin manyan garin su ne.

Lissafi_Zalla:
Malam Sadiq, ga hujjar da za ka kai masa. Babban Bankin Amurka yana binciken dukiyar iyalai duk shekara uku. A na 2022, idan aka jera iyalan farar fata daga mafi talauci zuwa mafi arziki aka ɗauki na tsakiya, abin da ya mallaka bayan an cire bashi ya kai kimanin dala 285,000. Na tsakiyar baƙar fata kuwa kimanin dala 44,900. Ninki shida da ɗoriya. Mallakar gida: fararen fata fiye da kashi 70 cikin ɗari na zaune a gidan kansu, baƙaƙe kashi 40 da 'yan kai. Abin da zai ba ka mamaki, tazarar da ke tsakaninsu a nan ba ta ragu ba daga yadda take a 1960, lokacin da doka ma ba ta hana mai gida ya ce ba zai sayar wa baƙi ba. Dokar da ta hana hakan sai 1968 aka yi ta. Rashin aikin yi kuma shekaru da dama na baƙi kusan ninki biyu yake na fari, ko tattalin arziki ya yi kyau ko ya lalace.

Abba_Marvel:
Ni fa ban yarda ba. Black Panther ya kawo sama da dala biliyan 1.3 a 2018. Darakta baƙi, jarumai baƙaƙe, har yaren Xhosa aka yi a ciki. In wannan ba ci gaba ba ne mene ne? Kuɗin nan ai 'yan'uwanmu suka ci.

Lissafi_Zalla:
@Abba_Marvel ɗan'uwa, wa ke da Marvel, kamfanin da ya yi fim ɗin? Disney. An biya darakta Ryan Coogler da jarumansa ladan aikinsu, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma fim ɗin da sunan Wakanda (ƙasar da aka ƙirƙira a cikinsa) da rigunan da 'yar tsanar da ake sayar wa yara duk na Disney ne har gobe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abba_Marvel:
To ai an kai kuɗin aiki Afirka dai ko?

Atlanta_Zango:
Wace Afirka? Mafi yawan Wakanda a nan jihar Jojiya aka gina ta, cikin ɗakunan ɗaukar fim na kewayen Atlanta, wani ɓangaren fim ɗin kuma a Koriya ta Kudu aka ɗauka. Jihar na rage wa kamfanonin fim haraji sosai, shi ya sa suka tare a nan. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, shekara tara ke nan a garin. Na taɓa shiga aikin cika waje a wani fim, irin mutanen da ake gani suna wucewa a bayan jarumi. Ba Black Panther ba, wani ne daban. Mun isa tun duhun asuba, aka tara mu a wata rumfa mu fiye da ɗari, kusan duk baƙaƙe, domin kasuwar Afirka ake son nunawa. Aka ɗaura mini wani rawani da ko a bikin sallah ban taɓa ganin irinsa ba, na ce wa mai kayan ba haka ake naɗi ba, ta yi murmushi ta ce haka aka zana mata. Awa goma sha biyu muna jira, aikin bai fi minti ashirin ba. Abin da na lura da shi a zaman jiran nan: duk wanda ke gaban kyamara kalata ne. Da ka juya baya, masu kyamara, masu fitilu, masu sauti, mutanen da ke zaune gaban ƙaramar talabijin suna cewa a sake, da ƙyar na ƙirga baƙaƙe huɗu ko biyar. Kuma aikin bayan kyamara shi ne mai ɗorewa, mai ƙungiya da inshorar lafiya da fansho. Mu an sallame mu da ladan yini ɗaya.

Lissafi_Zalla:
Abin da idonka ya gani ya yi daidai da rahoton da kamfanin McKinsey ya fitar a 2021: baƙaƙe ba su kai kashi 6 cikin ɗari na marubuta da daraktoci da furodusoshin finafinan Amurka ba, alhali sun kai kashi 13 na jama'ar ƙasar. Shugabannin kamfanonin fim kuwa kashi 92 farar fata ne.

Maman_Ilham:
Ku maza kun tsaya kan lissafi. Bari in faɗi nawa. 'Yata Ilham a Maryland aka haife ta. Tana da shekara shida ta dawo daga makaranta ta ce in sayo mata man da zai miƙar mata da gashi, wai gimbiya ba ta da irin gashinta. Na shiga ɗaki na yi kuka. Da aka sake yin fim ɗin 'yar ruwan nan na Disney a 2023 da Halle Bailey, na kai ta silima. Tunda aka fara ba ta ƙifta ido ba. Muna fitowa ta ce, Mama gobe ki yi mini kitso irin nata. Yanzu ita ke zaɓar kitsonta da kanta. Ku gaya mini a wane bincike na banki za a auna wannan? Na san fim bai biya mini kuɗin haya ba, aikin jinya nake yi dare da rana. Amma kar wanda ya ce mini ba komai ba ne.

Hajiya_Turai:
Wallahi Maman Ilham kin taɓa mini zuciya. Allah ya raya ta. Mu nan gida ma ai ciwon ne, yarinya ta tashi tana kallon finafinan Indiya, jaruma kullum fara sol, baƙi kuwa mugu ko ɗan aike. Namu na Kannywood suka ɗora a kai. Sai ka ga yarinya baƙa kyakkyawa ta shiga fim, bayan shekara biyu ka kasa gane ta saboda bilicin.

Editan_Zoo_Road:
Hajiya a yi mana adalci, ba mu muka kawo man bilicin kasuwa ba. Amma ban musa ba, na sha zama a gaban kwamfuta furodusa na tsaye a kaina yana cewa in ƙara wa jaruma haske.

Sadiq_Gwammaja:
Jama'a kar mu koma Kannywood tukuna, in aka shiga nan sai gobe. Maman Ilham na ji maganarki. Amma tambayar ƙanena ita ce ko fim shaida ce cewa wariya ta ƙare.

Malam_Tarihi:
Malam Sadiq, wannan tambayar ta girmi kakanmu. Bari in ɗan ja ku baya.

A 1940 aka ba Hattie McDaniel kyautar Oscar, ita ce baƙar fata ta farko da ta samu, saboda rawar baiwa mai hidimar gida da ta taka a Gone with the Wind. Otal ɗin da aka yi bikin a Los Angeles ba ya karɓar baƙaƙe, sai da aka nema mata alfarma, sannan aka zaunar da ita a wani ɗan teburi can jikin bango, nesa da abokan aikinta. Bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta kuwa ba a bar ta ta je ba sam. Da ta rasu a 1952 ta bar wasiyyar a binne ta a maƙabartar Hollywood, aka ƙi. Ga kyauta a hannu, ga ƙasƙanci, rana ɗaya.

Sidney Poitier ya ci kyautar gwarzon jarumi a 1964, shekarar da aka sa hannu kan dokar 'yancin jama'a. Wani zai ce kun gani, fim da ci gaba tare suke tafiya. To amma wa ya jawo wani? Dokar nan ba silima ce ta kawo ta ba. Mutanen Montgomery ne da suka yi fiye da shekara suna tafiya a ƙasa sun ƙaurace wa motocin bas, da waɗanda aka sakar wa karnuka a Birmingham a 1963, da su Martin Luther King da suka kwana a kurkuku. Hollywood ta ga iska ta juya ne ta bi. Kuma bayan Poitier sai da aka yi shekara 38 kafin wani baƙi ya sake cin wannan kyautar, Denzel Washington a 2002. A daren ne Halle Berry ta ci ta mata, tana kuka tana cewa ƙofa ta buɗe. An shafe fiye da shekara 20 ba a sake ba wata baƙa ba.

Ra'ayina: fim madubi ne mai zaɓen abin da zai nuna. Wani lokaci yana bin bayan canji, wani lokaci yana rufe rashinsa.

Abba_Marvel:
Allah ya gafarta Malam, ni da na ɗauka Denzel ne na farko. Na ƙaru.

Baba_Mai_Rediyo:
Ni tsoho ne, a silimar Kano na fara kallo tun ana fim ɗin kaboyi. A zamaninmu in baƙi ya fito, ko mai ɗaukar kaya ne a daji yana bin Bature, ko shi za a fara kashewa. Har dariya muke yi, muna tafa wa Baturen. Ba mu san kanmu muke wa dariya ba. Yanzu jikana na kallon baƙi a matsayin jarumi. Yara, kar ku raina wannan. Da babu gara ba daɗi.

Malam_Tarihi:
Baba, ranka ya daɗe, ka tuna mini da Paul Robeson. A 1935 Turawan Ingila suka sa shi a Sanders of the River, labarin da aka ɗora a Najeriya ta zamanin mulkin mallaka. Ya karɓi aikin yana zaton zai nuna darajar Afirka. Da aka gama haɗawa sai ya ga fim ɗin yabon Di'o ne da mulkin Ingila, shi kuma sarkin da ke yi wa Bature biyayya. Ya yi tir da shi a fili. Baƙi ne a gaba, sunansa a allo da manyan baƙaƙe, amma almakashin edita na hannun wani.

Zinder_Damagaram:
Gaisuwa daga Damagaram. Malam Tarihi, mu a Nijar muna da namu misalin. Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Zalika Souley ta fito a finafinansa da na Moustapha Alassane tun shekarun 1960, tana cikin matan farko da suka yi suna a silimar Afirka. Da Rahmatou Keïta ta yi fim kan rayuwarta, sai aka gan ta a Yamai cikin rashi, ko ruwan famfo babu a gidan. A nan babu Bature a gaban kyamara ko ɗaya, duk mu ne. Saboda haka ina ganin ba launi kaɗai ba ne, maganar wa ke riƙe da kuɗi da gidajen silima ce.

Editan_Zoo_Road:
Na Damagaram ya faɗi gaskiya. Zamanin faifan CD a Kano 'yan kasuwa ne ke cin riba, jarumi na da suna har Sudan amma in ya kwanta ciwo sai an yi masa karo-karo. Yanzu YouTube ne uban gidan. Malam Sadiq yi haƙuri, na sake komawa.

Gaskiya_Daci:
Ni duk wannan koke-koken ya ishe ni. Ƙasar da ta zaɓi Obama sau biyu? Oprah biloniya ce. Tyler Perry ya sayi tsohon barikin soja a Atlanta, eka 330, ya mayar da shi kamfanin fim nasa na kansa, ya buɗe a 2019. Wa ya hana shi? Mu da muka zo daga Afirka da jaka ɗaya muna yin digiri muna sayen gida cikin shekara goma. Su da aka haifa a nan me ya hana su? Kuma @Lissafi_Zalla ka faɗi rabi ka bar rabi. A 1959 fiye da rabin baƙaƙen Amurka na cikin talauci, kashi 55. A 2022 ya sauko kashi 17. Wannan ba ci gaba ba ne?

Lissafi_Zalla:
Alƙalumanka daidai ne, kuma na karɓi gyara, ya kamata in kawo su. Ci gaba ne babba. Amma albashi daban, dukiya daban. Albashi shi ne abin da ka samo wannan watan. Dukiya ita ce gidan da kakanka ya saya a 1950 ya bar wa babanka, babanka ya jinginar da shi ya biya maka jami'a. A shekarun 1930 hukumar gwamnati ta zana taswirar birane ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan layi, bankuna suka daina ba da bashin gida a can. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu an yi musu tsarin rancen gida da karatu, baƙaƙe da yawa, musamman a kudu, aka toshe musu hanya. Wanda aka hana kakansa gida ba zai gaji gida ba, ko jikan ya zama jarumin fim.

Maman_Ilham:
@Gaskiya_Daci ɗan'uwa ka yi a hankali da maganar nan ta mu da su. Mu da muka zo, an tace mu kafin a ba mu biza, yawancinmu da karatunmu muka zo. Kuma dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe mana ƙofa, gwagwarmayarsu ce ta share mata hanya. Ina aiki da wata dattijuwa 'yar asalin Karolaina, ta girme ni nesa. Da za ta sayar da gidanta, mai ƙiyasta farashi ya zo ya faɗi kuɗin da ya yi ƙasa da na maƙwabta. Sai ta kwashe hotunan iyalinta daga bango, ta roƙi wata ƙawarta Baturiya ta zauna a falo ranar da na biyu zai zo. Farashi ya tashi. Tana ba ni labarin tana dariya, ni na kasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gaskiya_Daci:
Anti ban ce babu wariya ba. Cewa na yi ba ita ce ke riƙe da kowa ba. Labari ɗaya ba ya zama hukunci.

Dan_Bronx:
To ga na biyu, kuma wannan duniya ta gani a bidiyo. Shi kansa Ryan Coogler, a Janairun 2022, yana Atlanta yana ɗaukar Black Panther na biyu, ya shiga banki zai ciri dala 12,000 daga asusunsa. Ya rubuta a takarda a ƙirga masa a asirce, saboda ba ya son idon jama'a. Aka kira 'yan sanda, aka sa masa ankwa, an ɗauka ɗan fashi ne. Mutumin da ya kawo wa Disney biliyan. Kuɗinsa, asusunsa, katinsa a hannu.

Gaskiya_Daci:
Ka manta ba ka faɗa ba, ma'aikaciyar da ta tsorata ita ma baƙa ce. Kuma yana sanye da takunkumi da baƙin gilashi da hula. Ko a Kano ka miƙa wa mai banki takarda a haka sai an danna ƙararrawa.

Dan_Bronx:
Na sani. Ni a wurina wannan ne ma ya fi ciwo. Tsoron baƙin namiji ya shiga jinin kowa har da mu. Kuma ina aka koyo shi? Shekara nawa fim na nuna shi da bindiga? Tun Birth of a Nation na 1915, wanda ya mayar da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙe, jarumai har aka nuna shi a fadar White House. Fim ya iya ɓata suna, wannan kam mun gani. Ko ya iya gyarawa da saurin da ya ɓata, nan ne nake shakka.

Ummi_Kaduna:
Ina bin ku shiru tun ɗazu. Tambaya: su jaruman da kansu suna samun kuɗin? Na ga bidiyon Taraji P. Henson tana kuka a wata hira a 2023, tana cewa ta gaji da aiki ana biyanta abin da bai kai ba.

Atlanta_Zango:
Ita ce ta ce dala 150,000 aka ba ta a Benjamin Button, fim ɗin da ya sa aka tsayar da ita takarar Oscar. Kafin a cire haraji da kason wakili da lauya. Djimon Hounsou, ɗan Jamhuriyar Benin, sau biyu ana tsayar da shi takarar Oscar, ya fito ya ce har yanzu fama yake. Amma don adalci, talaucin 'yan fim bai san launi ba. Lokacin yajin aikin 2023 ƙungiyar jarumai ta ce mafi yawan mambobinta ba sa samun dala dubu 26 a shekara da ake buƙata a lokacin kafin mutum ya shiga inshorar lafiya. Mu taurari goma muke gani, muna zaton kowa haka yake.

Sarkin_Barkwanci:
Dala 150,000 tana kuka? A turo mini rabi in taya ta kukan har da birgima.

Ummi_Kaduna:
Kai dai ba ka da dama. Ai ba da kai za a gwada ta ba, da wanda suka tsaya gaban kyamara ɗaya za a gwada.

Malam_Tarihi:
Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, kuma ya shafe mu. Wa ake kira baƙi a allon? Wanda ya fito a matsayin Martin Luther King a fim ɗin Selma, David Oyelowo, ɗan Birtaniya ne mai tushen Najeriya. Chiwetel Ejiofor na 12 Years a Slave haka. Cynthia Erivo da ta fito a matsayin Harriet Tubman, wadda ta kuɓutar da bayi, haka. A 2017 Samuel L. Jackson ya fito ya yi ƙorafi kan yadda ake ɗauko baƙaƙen Birtaniya ana ba su labarin baƙaƙen Amurka. Mu muna murna ɗanmu ya yi suna. Jikan bayin Misisipi kuma yana cewa, tarihin kakata ne, wani aka ba. Kamfani ya cika lissafinsa na baƙar fuska, amma unguwar da aka yi wa jan layi ba ta ga komai ba. Ban ce jaruman sun yi laifi ba, sun iya aikinsu.

Abba_Marvel:
Malam wannan ai rarraba kai ne. Baƙi baƙi ne. Ɗan sanda ba ya tambayar fasfo kafin ya tsayar da kai. John Boyega ma ɗan Najeriya ne ɗan Landan, amma da aka kai Star Wars Chaina a 2015 sai da aka ƙanƙance hotonsa a fosta.

Gaskiya_Daci:
Kun ga abin da nake faɗa. Kasuwa ce. Hollywood ba ta san baƙi ko fari ba, kore ta sani, kalar dala. Get Out an kashe masa dala miliyan huɗu da rabi ya kawo sama da miliyan 250. Gobe in finafinan baƙaƙe suka daina kawo kuɗi za a daina yi.

Lissafi_Zalla:
A nan mun haɗu, sai dai ni abin tsoro na ɗauke shi. An taɓa yi ai. Farkon shekarun 1970 kamfanoni na cikin matsi, Shaft ya fito a 1971 ya kawo kuɗi, aka yi ta zuba finafinan baƙaƙe. Kafin shekarun su ƙare an rufe famfon. Bayan kashe George Floyd a Mayun 2020 kowane kamfani ya yi alkawari, aka buɗe ofisoshin daidaito, aka naɗa shugabanni. A tsakiyar 2023 cikin 'yan makonni da yawa daga cikin matan baƙaƙen da aka naɗa a manyan kamfanonin fim suka bar kujerunsu, a daidai lokacin da Kotun Ƙoli ta soke duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a. Abin aro ba ya rufe katara. Kuma in kasuwa ce zalla, me ya sa George Lucas, mai Star Wars guda, ya rasa kamfanin da zai zuba kuɗi a Red Tails, labarin matuƙan jirgin yaƙi baƙaƙe, sai daga aljihunsa ya biya? Ce masa aka yi ba za a kalla a ƙasashen waje ba.

Malam_Tarihi:
Shi ya sa masu hangen nesa a cikinsu tun da can mallaka suke nema. Oscar Micheaux ya fara a 1919, ya yi finafinai fiye da 40, yana yawo da su gari-gari yana nuna wa baƙaƙe a silimominsu. A Tulsa, unguwar Greenwood na da silimar baƙaƙe mai suna Dreamland, tana cikin abin da aka ƙone a harin da fararen fata suka kai wa unguwar a 1921. Da kuɗi suka yanke wa Spike Lee yana tsakiyar haɗa fim ɗin Malcolm X na 1992, wanda har Makka aka je aka ɗauki wani ɓangarensa, su Oprah da Michael Jordan da Magic Johnson da Prince ne suka yi masa karo-karo ya ƙarasa. A lura, sai da aka samu baƙaƙe masu kuɗi tukuna fim ɗin ya tsira. Aljihu ne ya ceci allo.

Atlanta_Zango:
Kuma Coogler ya koyi darasi. A fim ɗinsa Sinners na 2025 ya sa wa Warner Bros sharaɗin cewa bayan shekara 25 mallakar fim ɗin za ta dawo hannunsa. Labarin ma a kan wasu tagwaye ne da suka buɗe gidan rawa nasu na kansu a Misisipi a 1932. Ni wannan yarjejeniyar ta fi burge ni a kan kyautar Oscar goma. Game da Tyler Perry da @Gaskiya_Daci ya kawo, gaskiya ne yana ɗaukar baƙaƙe aiki sosai, na san waɗanda suka ci abinci a can. Amma ka fita daga ƙofar kamfanin ka yi tafiyar minti biyar a unguwannin kudu maso yammacin Atlanta, ka dawo mu yi magana.

Gaskiya_Daci:
To mutum ɗaya zai gyara unguwa? Aikin gwamnati ne wannan. Kun ɗora wa 'yan fim kayan da ba nasu ba.

Hajiya_Turai:
Ai ba mu muka ɗora ba, ƙanen Malam Sadiq ne ya ce fim ya isa hujja.

Sadiq_Gwammaja:
Na tura masa duk abin da kuka rubuta. Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce wai a tambayi Dan Bronx: in haka abin yake, me ya sa bai tattaro ya dawo Gwammaja ba?

Dan_Bronx:
Ka ce masa kuɗin makarantar ƙannena huɗu daga tasin nan yake fita, shi ya sa. Kuma ni ban ce ƙasar ba ta da daɗi ba, cewa na yi ba ita ce ta cikin fim ba. In ya samu biza ya taho da rigar sanyi mai kauri, jirgin ƙarfe biyar ba ya jira.

Maman_Ilham:
@Atlanta_Zango don Allah wannan Sinners ɗin yara za su iya kalla? Ilham ta ga fostar tana ta damuna.

Atlanta_Zango:
A'a Anti, kar ki kai ta. Akwai masu shan jini a ciki, ni kaina sai da na bar fitila a kunne.